Me Ya Sa Matan Gana Suke Daina Ɗibar Kawa Wata Biyar?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito daga wani mai sauraronmu, bafatake mai kai albasa daga Galmi ta Jamhuriyar Nijar zuwa Akara, babban birnin Gana. Ya ce a bakin kogin Densu ya ga mata suna sayar da naman wata halitta mai ɓawo biyu, amma da ya koma wata tafiyar sai aka ce masa an rufe ɗiba har wata biyar. Shi ne yake tambaya: mene ne wannan abu, kuma yaya talaka zai bar abincinsa kwance a ruwa ya zauna da yunwa?

To Alhaji, mun gode da wasiƙarka. Abin da ka gani shi ne kawa. Danginta ne makankari, wanda yaranmu ke tsinta a bakin gulbi idan ruwa ya janye, sai dai ita kawa tana zama inda ruwan kogi ya haɗu da na teku. Ba ta tafiya. Inda ta manne tun tana ƙarama, kan dutse ko saiwar itace ko ɓawon wata kawar, nan za ta ƙare rayuwarta.

Yadda take cin abinci shi ne abin lura. Takan buɗe ɓawonta kaɗan ta zuƙo ruwa, ta bi da shi ta wani nama mai kama da rariya. Gansakuka da ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne cimarta. Laka da sauran abin da ba ta so kuwa sai ta dunƙule su da yauƙi ta yar a ƙasa, ruwan ya fita a tace. Babbar kawa guda, idan yanayi ya yi mata daidai, tana iya tace kusan lita 190 a yini, wato kusan durom ɗaya. Da sanyi ko ruwa ya yi mummunan dagulewa ba ta kai haka, amma dai ka lissafa miliyoyinsu.

Don ka gane dalilin matan nan, bari in kai ka Amurka tukuna, domin a can ne aka ga abin da ke faruwa idan ba a ɗaga wa kawa ƙafa ba. Akwai wani babban mashigin teku da ake kira Chesapeake, tsakanin jihohin Maryland da Virginia, tsawonsa ya kai kilomita 300. A da, kawa ta yi yawa a cikinsa har ta taru tsibi-tsibi kamar duwatsu, jiragen ruwa na kauce musu. Sai aka shiga kwasarta da wani ƙarfe mai haƙora da jirgi ke ja a ƙarƙashin ruwa. Wajen shekarar 1884, jihar Maryland kaɗai ta kwashi kimanin kwando miliyan 15 na awonsu a kaka guda. Daga baya cututtuka biyu suka faɗa wa ragowar, musamman daga ƙarshen shekarun 1950.

A 1988 wani masanin halittun teku na Jami'ar Maryland, Roger Newell, ya zauna ya yi lissafi. Ya kimanta yawan kawar da ke mashigin kafin 1870, ya haɗa da ruwan da kowace ke tacewa, sai ya ga za su iya tace ruwan mashigin kaf cikin kwana 3 zuwa 6. Wadda ta rage a zamaninsa kuwa, kimanin kashi 1 cikin 100, sai ta yi kwana 325 kafin ta gama wannan aiki. Kiyasi ne, kuma wasu masana sun yi gardama a kan yadda ya yi shi, tun da ba duk ruwan ne ke isa inda kawa take ba. Amma ya sa hukumomi sun fara kallon kawa da wani ido, ba don miya kawai ba.

Manoma, nan ku ma da hannun irinku a ciki. Takin zamani da ruwan sama ke wankewa daga gonaki yana gangarawa kogi, ya faɗa mashigin. Yadda yake sa masara ta yi kore, haka yake sa gansakuka ta yi yawa a ruwa. Idan babu mai tace ta, sai ta tare hasken rana, ciyawar ƙasan ruwa ta mutu, ƙananan kifaye da ƙaguwa su rasa maɓoya. In gansakukar ta mutu ta ruɓe, sai ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Masunci da bai taɓa cin kawa ba, shi ma sai ya ji a komarsa.

Akwai kuma wata ɓarna da ni a ganina ta fi muni. 'Ya'yan kawa sukan yi mako biyu zuwa uku suna yawo a ruwa kafin su nemi wuri mai tauri su manne, kuma ba abin da suka fi so kamar ɓawon iyayensu. Wanda ya kwashe kawa da ɓawonta duka, ya yi kamar manomin da ya cinye iri ya kuma sayar da gonar. Shi ya sa yanzu a Chesapeake ake tattara ɓawo daga gidajen abinci a mayar ruwa, aka kuma keɓe wuraren da ba a ɗiba sam.

Sai mu dawo Densu. Matan ƙauyukan Tsokomey da Bortianor da Tetegu sun ga kawarsu na raguwa, girmanta na ƙanƙancewa. Suka kafa ƙungiya, suka koyi dabara daga takwarorinsu na Gambiya, waɗanda ƙungiyarsu mai suna TRY ta samu izinin gwamnati a 2012 na kula da kawar dausayin Tanbi kusa da Banjul. A watan Nuwamba na 2017 matan Densu suka rufe ɗiba karo na farko, ba su buɗe ba sai Afrilu na 2018. A tsakanin nan suna mayar da tsohon ɓawo cikin kogi, suna dasa itatuwan nan masu saiwa a ruwan gishiri. Ba wai ba sa jin jiki ba ne, Alhaji, wata biyar ba kwana biyar ba ce, kuma da yawansu sai sun nemi wata sana'ar kafin a buɗe. Amma kawar da aka bari ta girma ta hayayyafa ta fi kuɗi a kasuwa.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai. Tun da aikinta tace ruwa ne, ƙwayoyin cutar da ke ruwan sukan taru a jikinta, balle kusa da birni inda magudanai ke zuba a kogi. In ka koma Akara bayan an buɗe ɗiba ka yi sha'awar ɗanɗanawa, ka tabbata an dafa ta ta dahu sosai.