Kano zuwa Jidda: Me ya sa tafiyar awa huɗu da rabi ta koma ta awa bakwai?

Idan aka ja layi miƙaƙƙe daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, nisan ya kai kusan kilomita 3,400. Jirgin fasinja da ke gudun kilomita 850 a awa ɗaya zai cinye wannan nisa cikin awa huɗu. Idan aka haɗa da lokacin tashi da na sauka, tafiyar kan kama awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Haka alhazai da masu Umara suka saba shekara da shekaru. Jirgi ya tashi daga Kano, ya ratsa Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya, sai Jidda.

Wannan hanya tsohuwa ce. Ita magabata suka bi a ƙasa, ta Borno da Darfur har bakin teku a Suwakin, wasu su yi watanni, wasu shekaru. Da yawa sun yada zango a Sudan, kuma jikokinsu na can har yau. Jiragen farko da suka sauka a Kano a 1925, na sojojin saman Birtaniya, su ma ta Sudan suka biyo daga Masar.

Yaƙi ya tsawaita hanya

A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojoji da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Dole jirage suka koma zagaye, tafiyar ta kai kusan awa bakwai.

Ƙarin awa biyu a sama yana nufin ƙarin mai da ƙarin kuɗin ratsa sararin wasu ƙasashe. Shi ya sa a shekarar kamfanonin jigila suka nemi hukumar alhazai ta NAHCON ta ƙara musu dala 250 a kan kowane maniyyaci.

Rikicin agogo

Akwai wani abin da ke rikita matafiya a jikin tikiti. Agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da awa biyu, kuma kamfanoni kan rubuta lokacin tashi da na sauka ne da agogon garin da ake ciki.

Misali, jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar a sama, zai sauka Jidda da ƙarfe 5 na asuba a agogon can, alhali a Kano ƙarfe 3 ne. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka awa bakwai aka yi. A dawowa kuma tafiyar awa biyar ɗin sai ta yi kama da ta awa uku.

Wannan lissafi yana da amfani ga mai ciwon suga ko hawan jini da ke shan magani a kan lokaci, da kuma iyalan da ke jiran kiran waya a gida. Kafin tafiya, yana da kyau matafiyi ya tambayi ejan ɗinsa awa nawa jirgin zai yi a sama, kuma ko zai ya da zango a wata ƙasa, sannan ya ajiye maganinsa a jakar hannu maimakon cikin manyan kaya.