Cinikin da Ake Ƙullawa Sau Ɗaya, a Yi Ta Karɓar Kaya

Masana'antar da ke ƙera motoci, wadda kowace mota tata ke buƙatar dubban sassa daga hannun ɗaruruwan masu kawo kaya, in da za ta riƙa rubuta takardar oda dabam duk lokacin da ta buƙaci ƙusa ko taya, da malaman ofis ɗinta sun fi maƙeranta yawa. Saboda wannan larura ne aka samar da yarjejeniyar jadawali, watau a zauna sau ɗaya a yanke farashi da adadi da sharuɗɗa na shekara guda ko fiye, sa'an nan a riƙa aika wa mai kaya jadawali yana faɗa masa ranar da zai kawo da gwargwadon abin da zai kawo, ba tare da an sake sabon ciniki ba.

Asalin wannan mu'amala ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu, domin a mazhabar Malikiyya an halatta mutum ya ƙulla ciniki da mai sana'ar da ba ta yankewa, kamar mahauci ko mai burodi, ya riƙa karɓar abu sananne kullum, ya biya daga baya. Abin da zamani ya ƙara shi ne lissafin na'ura. A manhajar SAP, kamfanin da wasu tsofaffin ma'aikatan IBM su biyar suka kafa a Jamus a 1972, kwamfuta ce ke duba abin da za a ƙera, ta cire abin da ke cikin sito, ta rubuta ragowar a jadawali, ta kuma aika shi kai tsaye zuwa kwamfutar mai kaya. Idan mota ta sauke kaya a bakin ƙofa, sai a shigar da su a kan lambar yarjejeniyar, a biya bisa farashin da aka riga aka yanke.

Jadawalin iri biyu ne. Akwai na kintace, mai hangen makonni da watanni, domin mai kaya ya tanadi ƙarfe da ma'aikata. Akwai kuma na kusa, wanda ke ambaton rana, wani lokaci har da sa'a, bisa tafarkin da Toyota ta shahara da shi na ƙin tara kaya a ajiye. Ana kuma riƙe jimilla tun daga farkon yarjejeniya, ta yadda idan saɓani ya auku, maimakon a bi takardu ɗaya bayan ɗaya, sai kowa ya kawo jimillarsa a gwada.

To, amma a ganina hikimar al'amarin duka tana cikin mas'ala guda, wadda masu tallan manhaja ba su cika tsayawa a kanta ba: idan mai saye ya sake shawara, wa zai ɗauki hasara? Don warware wannan ne aka kasa lokacin da ke gaba kashi uku. Kashi na farko shi ne kwanakin da suka tabbata, inda aka ba mai kaya izinin ƙerawa, kuma in mai saye ya janye, wajibi ne ya biya kuɗin kayan aiki da na ƙira gaba ɗaya. A kashi na biyu izinin sayen ɗanyen kaya kaɗai aka bayar, saboda haka diyyar ba ta wuce kuɗinsu ba. Abin da ya haura nan kuwa zato ne kurum, babu lamuni a kan kowa. Adadin kwanakin kowane kashi lamba ce 'yar ƙarama da ake cikewa a wani gurbi na allo, har magatakarda mai gaggawa yakan wuce ta bai lura ba, alhali ita ce ainihin cinikin; kuma galibi babban kamfani, da yake shi ke da rinjaye, yakan gajarta kwanakin tabbas ya tsawaita na zato, ƙaramin maƙeri ya kwana da kayan da ba wanda ya lamunce masa kuɗinsu.

Wani lokaci kuwa reshe kan juye da mujiya. A farkon 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe kasuwanni, kamfanonin motoci suka zaftare jadawalinsu na ƙananan sassan lantarki da ke sarrafa mota. Masu ƙera sassan suka juya ga masu kwamfuta, waɗanda cinikinsu ya bunƙasa a lokacin. Da kasuwar mota ta farfaɗo, aka mayar da lambobin cikin jadawali a dare ɗaya, amma ƙera irin wannan sashe yana cin watanni, gurbin kuma an riga an ba wani. Sai ga masana'antu a Jamus da Amurka da Japan suna tsayar da aiki a 2021, motoci kusan kammalallu jere a fili suna jiran abin da bai kai farce girma ba.