Yadda Zaman Magana Ke Kaiwa Ga Jinin Mai Ciwon Damuwa

A Maiduguri da wuya ka ji mai ciwon damuwa ya ce damuwa ce ta kawo shi asibiti. Cewa zai yi jikinsa ya mutu, gaɓoɓinsa na ciwo, kansa ya yi nauyi, bakinsa ba ya jin daɗin abinci, barci kuma ya ƙaurace masa. A yi gwajin maleriya, a yi na taifod, a yi ƙarin ruwa, bayan mako biyu ya dawo da kukansa na jiya. In a ƙarshe likita ya ce a kai shi wurin masu ba da shawara a zauna a yi magana, sai dangi su ga kamar an raina musu ciwo. Mutum na fama da jikinsa, a ce maganinsa hira?

Dangin suna da gaskiya, ciwon yana cikin jiki. Abin da ba a zaunar da su an bayyana musu ba shi ne maganar ma tana da hanyar da take bi ta isa jikin. Garin nan kuwa ya fi kowa bukatar wannan bayani. Tun rikicin watan Yuli na 2009 mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, sama da mutum miliyan 2 suka bar gidajensu a arewa maso gabas, sannan a ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Gwange da Kasuwar Monday, ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa a wuraren da aka yi yaƙi, kusan mutum 1 cikin 5 na ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa, irin su ciwon damuwa da fargaba da firgicin bayan tashin hankali.

Mu fara da kumburi. Idan ƙaya ta soke ka, wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tasa, garkuwar jikinka ce ke aiki. Fararen ƙwayoyin jini sun taru, suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai da ake kira saitokin. Ɗaya daga cikinsu, mai suna IL-6, yakan isa hanta ya sa ta zuba wani furotin cikin jini, wato CRP, wanda shi ne ake aunawa a ɗakin gwaji. Saƙon nan ba ya tsayawa a hanta, har ƙwaƙwalwa yake kaiwa. Dubi mai zazzaɓi: ya lulluɓe, ya juya wa mutane baya, ba ya son ci, ba ya son surutu, komai ya fita ransa. Ba ƙwayar cutar ce kaɗai ta kwantar da shi ba, garkuwar jikinsa ce ta umarci ƙwaƙwalwa ta kwantar da shi don a tattara ƙarfi wuri guda. In ka cire zafin jikin, abin da ya rage ya yi kama ƙwarai da mai ciwon damuwa.

Likitoci sun ga wannan da idonsu lokacin da ake yi wa masu ciwon hanta nau'in C allurar intaferon, wadda ita kanta saitokin ce. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa sun faɗa ciwon damuwa sosai, mutanen da yawancinsu lafiyar hankalinsu ƙalau kafin allurar. Da aka tattara bincike masu yawa a 2019, an samu cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ciwon damuwa CRP ɗinsu ya haura miligiram 3 a kowace lita ta jini. Wannan kumburi ne na ƙasa-ƙasa, ba ya tasawa a fata, ba ya kawo zazzaɓi, sai dai ya daɗe yana ci a ɓoye, kuma irinsa ne ake dangantawa da ciwon zuciya da ciwon suga.

To me ke kunna shi ga wanda ba shi da rauni? Tsoro. Idan mutum ya ji ƙarar fashewa, ƙwaƙwalwa kan tayar da jiki gaba ɗaya, zuciya ta buga, garkuwar jiki ta shirya wa raunin da ake tsammani. A lokaci guda wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda su saki sinadarin kotisol, wanda cikin ayyukansa har da tsawata wa garkuwar jiki ta lafa idan haɗari ya wuce. Tsari ne mai kyau ga tsoron minti goma. Matsalar tana zuwa ne idan tsoron ya zama na shekaru, ko kuma haɗarin ya wuce amma tunani na maimaita shi kowane dare. Kotisol ya yi ta zuba har ƙwayoyin jini su zama kamar yaron da aka cika yi wa tsawa, ana yi yana wasansa. A 2002 Gregory Miller da Sheldon Cohen da abokin aikinsu sun auna jinin iyaye 50 a Amurka, rabinsu 'ya'yansu na jinyar ciwon daji. Ƙwayoyin jinin waɗannan iyaye sun fi na sauran ƙin jin umarnin daina fitar da IL-6.

Nan ne magana ke shigowa, kuma ba ta'aziyya ake nufi ba, ba kuma "ki yi haƙuri" ba, duk da cewa waɗannan ma suna da gurbinsu. Aiki ne mai tsari. Wanda aka fi gwadawa shi ne CBT, jinyar gyara tunani da ɗabi'a, wadda likita Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani sauƙaƙƙen tsari mai suna PM+ don wuraren da masifa ta shafa: zama biyar, sau ɗaya a mako, kowanne minti 90, kuma wanda ba likita ba zai iya gudanarwa in an horar da shi.

A ce wata uwa ce da aka kashe mijinta a hanya, tana zaune a kan tabarma da mai ba da shawara. Ba a fara da ranar da abin ya faru ba.

"Mama, ƙarfe nawa kike farkawa?"

"Wajen biyun dare, 'yata. Daga nan sai kiran salla."

"In kin farka me ke fara zuwa miki?"

"Da ban ce ya tafi kasuwar ba, da yana nan."

Wannan jumla ita ce abin aiki. A hankali za a bi ta da ita: shekara nawa yana bin hanyar lafiya, me ta sani a safiyar, wa ya riƙe bindigar. Za a koya mata jan numfashi a hankali har cikinta ya taso, ta sake shi a hankali. Za a yi yarjejeniya kan abu ɗaya ƙarami da ta daina, ko suyar ƙosai a ƙofar gida, ko komawa Islamiyya, ta gwada kafin zama na gaba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana taɓa jiki. Tunanin da ya daina zagayawa ya rage yawan tayar da kotisol. Numfashi a hankali yana ƙarfafa ɓangaren jijiyoyi mai kwantar da jiki, wanda babbarsa ita ce jijiyar bagus da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki. A shekarar 2000 Kevin Tracey da abokansa a New York sun nuna a jikin ɓeraye cewa motsa wannan jijiya na rage fitar saitokin. Amma a ganina barci ne babbar ƙofa. A 2014 Michael Irwin ya gwada CBT ta rashin barci a wani bincike kan dattawa 123 a Los Angeles, aka samu waɗanda suka yi jinyar ba su cika samun hauhawar CRP ba har bayan shekara guda. A 2020 kuma mujallar JAMA Psychiatry ta buga nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje 56 da mutum 4,060, ya nuna jinyar magana na da alaƙa da ingantuwar garkuwar jiki, CBT ce ta fi nuna hakan a kai a kai, kuma sauyin ya kai aƙalla wata shida bayan an gama.

Kada a ɗora wa wannan ilimi abin da ya fi ƙarfinsa. Sauyin matsakaici ne, kuma da yawa daga mutanen da ke cikin waɗancan gwaje-gwaje masu wasu cututtuka ne kamar ciwon daji da ƙanjamau. Ƙananan binciken da aka yi kan masu ciwon damuwa zalla ba su zo da baki ɗaya ba. Gwajin CRP kuma ba ya gano ciwon damuwa, musamman a nan inda maleriya da tarin fuka da ruɓaɓɓen haƙori duk kan ɗaga shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wani ya ji wannan ya nufi kemis ya sayi maganin kumburi. A 2013 an gwada wani maganin kumburi mai ƙarfi kan mutum 60 masu ciwon damuwa a Jami'ar Emory da ke Atlanta. Bai fi allurar ruwan gishiri amfani ga jimillarsu ba, sai ga waɗanda CRP ɗinsu ya haura miligiram 5 a lita aka ga alamar sauƙi. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen kuwa, shan su kullum na cin ciki yana lalata ƙoda, ga shi Borno da Yobe na fama da ciwon ƙoda tun ba yau ba.

Masu wannan aiki suna nan cikin gari. Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta kai masu ba da shawara har cikin unguwanni, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga da Asibitin Koyarwa suna da likitocin wannan fanni, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Wanda ya daina ci da sha, ko ya fara zancen gara ya mutu, ba a jira zama biyar da shi: a kai shi wurin likita a ranar, a fara magani, zaman magana ya biyo baya idan ya ɗan farfaɗo.