Haddar ƙirga daban, sanin lissafi daban

Iyaye da yawa a Talata Mafara, Bakura da Maradun suna auna ƙoƙarin ɗansu na rabin aji da tambaya guda: ya iya ƙirga har nawa? Idan ɗan shekara huɗu ya zubo "wan, tu, tiri" har hamsin ba tuntuɓe, sai a ce kuɗin makaranta ba su tafi a banza ba. Amma a zuba gyaɗa a faifai a ce masa, "Ba ni biyar." Da yawa daga cikin masu wannan hadda dumbuzowa za su yi su miƙo. Sunayen lambobi sun zauna musu a baki, ma'anarsu ba ta shiga kai ba tukuna.

Da irin wannan gwaji wata masaniyar tunanin yara, Karen Wynn, ta yi bincike a Amurka a 1990 da 1992. Ta ga cewa yaro yakan fara gane "ɗaya", ya yi watanni kafin ya kama "biyu", sannan "uku", alhali tuni yana rera lambobi fiye da haka. Sai daga baya, wajen shekara uku da rabi a yaran da ta gwada, yake gano cewa lambar da aka tsaya a kanta ita ce yawan abin gaba ɗaya. Tun a 1978 Rochel Gelman da Randy Gallistel suka fayyace ƙa'idojin da ƙirga ke tafiya a kansu. Kowane abu lamba ɗaya yake samu, ba a tsallake shi, ba a maimaita shi. Lambobi suna bin jeri guda kullum. Ta ƙarshe ita ce jimla. Komai yana ƙirguwa, awaki ne ko tafi. Kuma ko ta dama aka fara ko ta hagu, yawan bai canzawa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake koya ta kallon allo kawai. Sai yatsa ya taɓa, ido ya gani, baki ya faɗa.

Abin ba na wasa ba ne. A 2007 Greg Duncan da abokan aikinsa suka haɗa manyan bincike shida daga Amurka, Birtaniya da Kanada. Suka samu cewa lissafin da yaro ya shiga firamare da shi ya fi komai nuna yadda karatunsa zai kasance a azuzuwan gaba. Wanda ya shiga aji ɗaya bai tabbatar bakwai ta fi biyar ba, zai yi ta haddar tarawa da ɗebewa, kuma yakan tashi yana jin shi ba mai kan lissafi ba ne.

Gyaran bai buƙatar kayan tsada. Robert Siegler da Geetha Ramani sun nuna haka a 2008 da yaran talakawa a Amurka: wasan gidaje goma a jere, daga 1 zuwa 10, yaro yana matsar da ɗansa yana faɗin lambar gidan da ya taka. Kimanin awa guda na wasan a jimla ta ƙara wa yaran gane lambobi da sanin wadda ta fi girma. Malama za ta iya zana wannan layi a ƙasa da tsinke, a yi wasan da marafen kwalba.

Mu kuwa muna da irin waɗannan a hannu. 'Yar carafke tana sa yarinya ɗaukar duwatsu ɗaya-ɗaya, sannan bibbiyu, sannan uku-uku. Dara gidaje 30 ce, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, kuma ƙaramin yaro zai iya ƙirga wa yayyensa su kafin a fara. A kasuwar Talata ana kasa tumatir da albasa kashi-kashi, ana auna shinkafar Bakolori mudu-mudu. Asuba raka'a biyu ce, Magariba uku, Azahar huɗu. Uwa tana raba ƙosai sai ta ce, "Mu nawa ne? Idan kowa ya samu biyu, nawa za mu saya?" Ta bar shi ya yi kuskure, ya sake ƙirgawa da kansa, ba tsawa. A fara da Hausa, domin da harshen da yaro ke neman abinci da shi ya fi saurin gane yawa. Turanci zai hau kan abin da ya riga ya fahimta.

Wannan yanki ya san abin da rufe makaranta ke nufi. Bayan sace ɗalibai a Jangebe a Fabrairun 2021 da kuma Kaya ta Maradun a Satumba, an rufe makarantu a faɗin jihar. A irin wannan hali gida ne ajin da bai rufuwa, kuma uwar da ba ta yi boko ba ta isa ta koyar da duk abin da aka ambata a sama.

Sauran aikin yana wuyan hukuma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ƙunshi kula da ilimin ƙananan yara, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara guda kafin firamare. Ya kamata Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Zamfara ta riƙa tura ƙwararrun malamai wannan aji, kada a mai da shi wurin ajiye yara har a tashi. Kwalejin Ilimi ta Maru da ta Tarayya da ke Gusau su horar da ɗalibansu koyar da lissafi da tsakuwa da ƙwayar masara kafin alli. Masu duba makarantu kuma, idan sun shiga ajin, su zauna da yara ɗaya bayan ɗaya su ga abin da kowanne ya gane, su rubuta rahotonsu a kan haka.