Barewar ƙanƙara: ta gida da ta daji ba jininsu ɗaya ba

A can arewacin duniya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni da dama a shekara, akwai wata dabba mai suna ren, wadda ake iya kira barewar ƙanƙara. Mace da namiji duka suna da ƙaho mai rassa. Kabilar Sami ta ƙasashen Norwe, Suwidin da Finlan, da kabilar Nenet ta Rasha, suna kiwonta domin nama da fata da jan kaya. Amma har yanzu akwai garkunan da ke yawo cikin daji babu makiyayi.

A ido, ta gida da ta daji kamarsu ɗaya. Sai dai ƙwayoyin gado, waɗanda kowace halitta ke samu daga uwa da uba, sun nuna bambanci. A shekara ta 2008, malam Knut Røed na ƙasar Norwe da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon binciken da suka yi bisa garkunan Turai da Asiya. Sun gano cewa bisashen gida na Sami da na Rasha ba tushensu ɗaya ba. Ke nan an hore wannan dabba a wurare dabam-dabam. Sun kuma gano cewa barewar dajin Finlan da ta tsakiyar Norwe kusan ba su da hannu cikin jinin garkunan gida.

Wannan sani yana da amfani ga masu kula da daji. A duwatsun Dovre da Rondane, garkunan daji sun riƙe jininsu na asali, alhali kuwa a tudun Hardangervidda jinin na gida ya shiga cikinsu. A Alaska, inda aka kawo na gida daga Sibiriya a shekara ta 1892, makiyaya sun yi asarar bisashe masu yawa da suka bi ƴan uwansu na daji.

Ta gida an zaɓe ta ne saboda sauƙin kai, ta daji kuwa tsoro da gudu su ne makamanta. Idan jini ya cakuɗa, raba shi sai Allah. Shi ya sa masana ke kira da a tsare iyaka tsakanin wurin kiwo da mazaunin garkunan daji.