2.3 Zauren Koyo Na Bai Ɗaya A Laburaren Jami'a

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda laburaren jami'a yake tara littattafai da adana su. A nan kuwa za a dubi wani tsari da ya shigo daga baya, wanda a wannan bincike aka kira shi zauren koyo na bai ɗaya. An zaɓi kalmar zaure ne saboda a ginin Bahaushe nan ne wurin da kowa yake da damar shiga, kuma nan malamai suke ba da karatu.

2.3.1 Ma'anarsa

Zauren koyo na bai ɗaya wani ɓangare ne da ake keɓewa a cikin laburare, inda ake haɗa abubuwa uku: na'urori, kamar kwamfuta da intanet da na'urar buga takardu, wurin zama da ɗalibai za su yi aiki tare, da kuma ma'aikatan da za su taimaka musu. A tsohon tsari, ɗalibi yakan nemo littafi a laburare, ya tafi cibiyar kwamfuta ya buga aikinsa, sannan ya nemi gindin bishiya domin tattaunawa da abokan karatu. Manufar zauren ita ce ya yi duk waɗannan a wuri ɗaya.

2.3.2 Asalinsa

Wannan tsari ya samo asali ne daga ƙasar Amurka. A shekarar 1992 Jami'ar Iowa ta buɗe wani sashe a babban laburarenta mai suna Information Arcade, wanda ya ƙunshi ajin koyarwa da kwamfutoci. A 1994 kuma Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Los Angeles ta buɗe laburaren Leavey, wanda tun daga farko aka tanadi irin wannan zaure a cikinsa. Daga nan sai wani masanin laburare, Donald Beagle, ya rubuta maƙala a 1999, inda ya nuna cewa zauren yana da fuska biyu: wurin da ake zama, da kuma taskar bayanai da ake shiga ta intanet.

Misalin da ya fi fito da tsarin fili shi ne laburaren Hunt na Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, wanda aka buɗe a 2013. A nan, maimakon a jera littattafai a kantoci, sai aka zuba su cikin akwatuna a wata ma'ajiya da za ta iya ɗaukar littafi miliyan 2. Ɗalibi yakan nemi littafi ta kwamfuta, na'ura ta ɗauko masa cikin 'yan mintoci. Filin da kantoci za su cinye kuwa, sai aka mayar da shi wurin zama da ɗakunan tattaunawa kusan 100. Wato ke nan, littafi ya matsa wa mai karatu.

2.3.3 Muhimmancinsa

Babban amfanin zauren shi ne daidaita tsakanin ɗalibai. Ɗan mai hali yana da kwamfutarsa da kuɗin sayen data, amma ɗan talaka ba shi da su, alhali aiki ɗaya aka ba su, kuma rana ɗaya za su miƙa shi. Bugu da ƙari, mujallun ilimi da yawa sai jami'a ta biya kuɗi kafin a karanta su, don haka ko mai kwamfutar ma yana buƙatar laburare. Daɗin daɗawa, zauren ya sassauta dokar nan ta yin shiru, domin akan raba wuri biyu: inda ake magana da inda ake nazari tsit.

2.3.4 Matsayinsa A Jami'o'inmu

Jami'o'in Nijeriya ma sun bi sahu. A shekarun 2000 Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero wajen samar da kayan fasahar sadarwa, sannan asusun TETFund, wanda aka kafa da dokar 2011, yana ware kuɗi domin bunƙasa laburare. Sai dai abin lura a nan shi ne, jera kwamfutoci kaɗai ba ya mayar da ɗaki ya zama zauren koyo. Idan babu tsayayyar wutar lantarki, ko aka kasa sabunta kuɗin intanet, ko babu mai gyara, to na'urorin sun zama ado. Haka kuma idan babu ma'aikacin da zai koya wa ɗalibi yadda ake neman bayani da tantance sahihinsa, ɗalibin zai kwafo duk abin da ya ci karo da shi ne kawai.

Bisa ga wannan, ana iya cewa ba da yawan na'urori ake auna zauren koyo ba, sai da yawan sa'o'in da yake buɗe da kuma taimakon da ɗalibi yake samu a cikinsa. A sashe na gaba za a dubi irin horon da ma'aikatan wannan zaure suke buƙata.