Me ya sa jakar iskar Takata ke kisa?

An yi jakar iska ne domin ta kare direba da fasinja idan mota ta yi haɗari.

To amma waɗanda kamfanin Takata na Japan ya ƙera sun hallaka mutane fiye da 20 a Amurka kaɗai.

Matsalar dai ita ce sinadarin ammonium nitrate da ke hura jakar. Zafi da laima kan lalata shi bayan shekaru, sai ya fashe ya watsa gutsattsarin ƙarfe a fuskar mutum.

A Amurka an nemi a canza kimanin miliyan 67 kyauta, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017.

Sai dai takardar kiran ba ta bin tsohuwar motar da aka kawo Najeriya ko Nijar.